Nakasendo: Hanyar da sarakunan Japan suka shimfiɗa, talakawa suka hana ta mutuwa

Jirgin ƙasa mai tsananin gudu da ya tashi daga Tokiyo yakan isa Kiyoto cikin awa biyu da 'yan mintuna. Kafin zuwan layin dogo, wannan tafiya ta mako biyu ce cur a ƙafa ga wanda ya ratsa ta cikin tsaunuka, kuma sai mai lafiya da guzuri. Hanyar da ake bi a wancan zamani sunanta Nakasendo, wato hanyar tsakiyar duwatsu. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 530, da zango 69 a jere a kanta, daga gadar Nihonbashi a birnin Edo, wanda shi ne Tokiyo ta yau, har zuwa gadar Sanjo a Kiyoto.

Mafi yawan hanyar ya riga ya shige ƙarƙashin kwalta da gine-ginen siminti. Amma a kwarin Kiso, inda lardunan Nagano da Gifu suka yi iyaka, akwai guntayenta da suka tsira, da shimfiɗar duwatsunsu, da gidajen katako masu baƙin launi, da magudanan ruwa da ke bin gefen titi. A can ne kowace shekara dubban mutane daga ƙasashe daban-daban suke sauka daga jirgi da mota domin su taka da ƙafa. Mai takawa yakan ɗauka zamani ne ya manta da waɗannan garuruwa har suka zauna yadda suke. Mantuwar ta taimaka, amma abin da ya riƙe su a tsaye alkawari ne da mazauna suka ɗaukar wa junansu fiye da shekara 50 da suka wuce, kuma wannan alkawari yana fuskantar jarrabawa a yanzu.

Hanyar riƙe mulki

A shekarar 1600 Tokugawa Ieyasu ya yi galaba kan abokan hamayyarsa a yaƙin Sekigahara, wurin da shi ma yake kan wannan hanya. Bayan shekara uku aka naɗa shi shogun, wato shugaban mulkin soja, ya kafa fadarsa a Edo, yayin da Babban Sarkin Japan ya ci gaba da zama a Kiyoto da daraja amma babu iko. Zuriyar Tokugawa ta riƙe ƙasar har zuwa 1868.

Tun kafin a naɗa shi, Ieyasu ya fara da hanyoyi. An tsara zangunan Tokaido, hanyar bakin teku, a 1601, sannan na Nakasendo a 1602. Daga baya manyan hanyoyin suka zama biyar, dukkansu daga gadar Nihonbashi suke farawa, kuma a 1659 aka kafa ofishi na musamman mai kula da su. A kowane ri, ma'aunin tafiya da ya kusa kai kilomita huɗu, aka tara tudun ƙasa a gefen hanya aka dasa itace a kai, domin matafiyi ya san inda ya kai, ɗan dako kuma ya san abin da zai caja.

Babbar dabarar ta zo a 1635, zamanin jikan Ieyasu mai suna Iemitsu. Aka wajabta wa sarakunan yankuna, waɗanda ake kira daimyo, su fiye da 250, su riƙa yin shekara guda a Edo, shekara guda a ƙasarsu. Matansu na aure da magadansu kuwa a Edo za su zauna dindindin. Ba a kira su garkuwa a takarda ba, amma kowa ya san matsayinsu. Sarki ba ya tafiya shi kaɗai. Darajarsa ce ke ƙayyade yawan ayarinsa, har gidan Maeda na yankin Kaga, wanda ya fi kowa arziki, yakan fito da mutum fiye da dubu biyu. Kuɗin hanya da na riƙe gida a Edo sukan cinye kaso mai tsoka na harajin yanki, kuma hakan ya yi wa shogun daidai, domin sarkin da ya ƙarar da taskarsa wajen masauki da 'yan rakiya ba shi da abin sayen makamai.

Don kada wani ya kauce wa tsarin, aka kafa shingayen bincike. A kan Nakasendo manya biyu ne: na Usui da na Kiso-Fukushima, wanda gidan Yamamura ya gada kaka da kakanni. Abu biyu ma'aikatan shingen suka fi sa wa ido: bindigogi masu shiga Edo da mata masu fita daga cikinta. Shigar bindiga alama ce ta shirin tawaye, fitar matar sarki a ɓoye kuwa alama ce mijinta ya shirya ɓallewa. Mace mai tafiya sai ta nuna takardar izini da aka rubuta siffarta a ciki, a kuma sa wata mace ta duba ta. Sai a 1869 aka rushe waɗannan shingaye.

Yadda zango yake aiki

Bahaushe ba baƙo ba ne ga zango. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san wurin da ayari ke sauke kaya, a ba dabbobi ruwa, a kwana, a yi ciniki. Bambancin shi ne zangon Nakasendo hukuma ce ta kafa shi, ta kuma ɗora masa aiki a rubuce. An wajabta wa kowane zango ya tanadi 'yan dako 50 da dawakai 50 kullum, ban da na kwarin Kiso da aka rage musu zuwa 25 saboda ƙarancin jama'a. Kayan gwamnati da wasiƙunta sukan tashi daga zango zuwa na gaba, a sauke, a sake ɗora wa sababbin mutane da sababbin dawakai. Mai takardar shogun ba ya biyan ko sisi, wasu ma'aikatan suna biyan farashin da hukuma ta yanka, talaka kuma sai yadda suka daidaita da mai doki.

Masaukai ma hawa-hawa ne. A sama akwai honjin, gidan babban mutumin gari, wanda aka keɓe wa sarakuna da 'yan fada da manyan jami'ai. Shi ne ke da ƙofar alfarma da ɗaki mai ɗan tudu inda babban baƙo ke zama. Idan ya cika, sai a wuce da sauran zuwa waki-honjin, mataimakinsa. Attajirai da sauran matafiya suna sauka a hatago, inda ake ba da abinci, marasa ƙarfi kuma suna kwana a gidajen da kuɗin itacen girki kawai ake biya, kowa ya dafa abin da ya zo da shi.

Duk hadimin da ya taɓa shirya wa maigidansa tafiya zai gane irin ciwon kan da ke cikin wannan tsari. Watanni kafin ayari ya tashi ake aika wa zanguna da sanarwa, a kama masauki, a faɗi yawan dawakan da ake buƙata. Ranar sauka a kafa allon katako mai ɗauke da sunan sarki a bakin gari, don kada wani ayarin ya yi karo da shi. Idan sarakuna biyu suka haɗu a hanya, na ƙasa ne zai kauce, shi ya sa masu shirya tafiya suke bin diddigin jadawalin junansu don su tsare mutuncin iyayen gidansu. Har tulun ganyen shayi yana da nasa ayarin. Kowace shekara akan ɗauko sabon ganye daga Uji, kusa da Kiyoto, zuwa fadar shogun, kuma duk wanda tulunan suka iske a hanya dole ya ba su wuri ya rusuna.

Nakasendo ta fi Tokaido tsawo da wahalar hawa, sarakunan da ke bin ta ma ba su kai na Tokaido yawa ba. Sai dai tana da fa'ida guda: ba ta da yawan manyan koguna marasa gada irin Oi, wanda idan ya cika yakan tsare matafiyan Tokaido kwana da kwanaki. Mai son ya san ranar isarsa yakan zaɓi duwatsu. Wannan ne ya sa 'ya'yan fadar Kiyoto da ake kai wa gidan shogun aure suka fi bin ta.

Waɗanda suka ɗauki kayan

Kowane ayari mai ƙayatarwa a wuyan wani yake tafiya. Idan mutum 50 na zango ba su isa ba, sai a juya kan ƙauyukan kewaye, waɗanda doka ta tilasta musu kawo ƙarin mutane da dawakai. Sau da yawa kiran yakan zo a tsakiyar aikin gona, manomi ya bar shukarsa ya yi tafiyar yini kafin ma ya kai inda zai ɗauki kayan. A ƙarshen 1764, da gwamnati ta nemi faɗaɗa wannan aikin tilas zuwa ƙauyuka masu nisa, manoman da ke gefen Nakasendo suka yi bore suka nufi Edo. Gwamnati ta janye ƙarin, amma daga baya aka zartar da hukuncin kisa kan wani mai gari da aka zarga da jagorantar su.

Ayari mafi girma da hanyar ta taɓa gani ya wuce a 1861. Gimbiya Kazunomiya, ƙanwar Babban Sarki Komei, tana da shekara 15 aka ɗauke ta daga Kiyoto zuwa Edo don ta auri shogun Iemochi, auren siyasa da aka ƙulla domin a ɗinke ɓarakar da ke tsakanin fadojin biyu. Dubun dubatar mutane aka tara, 'yan rakiya da masu gadi da 'yan dako, har aka raba ayarin rukuni-rukuni, yana ɗaukar kwana huɗu kafin ya gama wuce zango guda. Ƙananan garuruwan Kiso sai da suka ari shimfiɗa da kwanuka daga nesa. Auren bai ceci mulkin Tokugawa ba. A 1862 aka sassauta dokar zaman Edo, bayan shekara shida kuma mulkin ya faɗi.

Mutanen Kiso suna da wani nauyin na daban. Kwarin nasu ba shi da filin noma sosai, dukiyarsa itace ce, amma dajin na gidan sarautar Owari ne da ke Nagoya. Bayan gine-ginen fadoji da birane sun cinye itatuwa, a farkon ƙarni na 18 aka haramta sare iri biyar, babbansu hinoki, itace mai ƙamshi da ba ya saurin ruɓewa. Tsananin dokar ya kai har mutanen yankin suna cewa itace ɗaya, kai ɗaya. Dokar da ta ƙuntata wa talaka ita ce ta bar dajin da matafiya ke sha'awa a yau, kuma har yanzu daga Kiso ake samo katakon da ake sabunta wurin bautar Ise da shi duk bayan shekara 20.

Daga Magome zuwa Tsumago

Guntun da ya fi shahara shi ne na tsakanin Magome, zango na 43, da Tsumago, zango na 42. Kimanin kilomita takwas ne, tafiyar awa biyu da rabi zuwa uku ga mai tafiya a natse. Akasarin mutane daga Magome suke farawa, domin ta fi Tsumago tudu, don haka hawan kaɗan ne, gangarar ce mai yawa.

Magome a jikin gangare aka gina ta, titinta na duwatsu yana hawa yana lanƙwasa tsakanin shagunan masu gasa gohei-mochi, wato dakakkiyar shinkafa da ake mulmulawa a jikin tsinke, a shafa mata miyar riɗi da gyaɗar itace a gasa a garwashi. Gobara ta cinye garin a 1895 da kuma 1915, don haka gidajensa ba su kai titin tsufa ba. A tsakiyarsa, inda honjin yake a da, akwai gidan tarihin marubuci Shimazaki Toson, wanda aka haifa a nan a 1872. Mahaifinsa shi ne na ƙarshe da ya riƙe honjin ɗin Magome. Ya yi maraba da faɗuwar shogun da fatan sabuwar gwamnati za ta mayar wa talakawa daji, sai ga shi ta ƙara ƙwace shi. Ya kai kuka, aka tuɓe shi daga muƙaminsa, ya rasu a 1886 cikin taɓin hankali. A kan rayuwarsa Toson ya gina babban ƙagaggen labarinsa, Yoake Mae, ma'ana kafin wayewar gari, wanda aka riƙa bugawa daga 1929 zuwa 1935.

A saman garin akwai babban allon sanarwa na katako irin wanda shogun ke kafa dokokinsa a kai. Daga nan hanya takan ratsa fadamun shinkafa da bayan gidajen manoma, ta tsallaka kwalta sau da dama, har ta kai mashigar Magome, mai tsayin kimanin mita 790, wadda ita ce iyakar Gifu da Nagano. Daga mashigar sai gangara cikin daji mai duhu. A gefen hanya an kafa ƙararrawa nan da can, kuma ba don ado ba: a dajin akwai baƙar beyar, dabba mai ƙarfi da ke gudun mutum idan ta ji motsinsa, amma takan kai hari idan aka yi kiciɓis da ita. Mai wucewa yakan kaɗa ƙararrawar ya ci gaba.

Ba nisa da mashigar akwai tsohon gidan hutu na Ichikokutochi, mai daɓen ƙasa da murhu a tsakiyar ɗaki, rufinsa ya yi baƙi da hayaƙi. Mutanen yankin ne ke zama a ciki suna zuba wa matafiya shayi, wanda ya ga dama ya jefa wani abu a akwati. Dab da shi ne wurin da shingen binciken katako yake a da, inda ake kwance kayan matafiya don a ga ko sun ɓoye guntun itacen da aka haramta. Gaba kaɗan akwai magangarar ruwa biyu da ake kira namiji da mace, sannan ƙauyen Otsumago da manyan gidajensa na saukar baƙi, sai Tsumago kanta.

Garin da ya ƙi sayar da kansa

Abin da mai shiga Tsumago zai fara lura da shi shi ne abin da babu. Babu turakun lantarki a kan babban titi, babu allunan talla masu ƙyalli, da rana kuma babu mota. Gidajen katako ne a jere, masu tagogin saƙa da rufin da ya miƙo kan titi. A tsakiyar garin hanya takan yi kwana mai kusurwa, dabarar da aka yi don a rage wa mahara gudu. Waki-honjin ɗin garin, wanda aka sake ginawa a 1877, kusan gaba ɗaya da hinoki aka yi shi, domin a lokacin ne dokar haramcin ta kau, masu gidan suka huce haushin shekaru. Babban Sarki Meiji ya ɗan huta a cikinsa a 1880.

A lokacin da Meiji ya wuce, ƙarshen zanguna ya riga ya zo. Babu sauran ayarin sarakuna. A ƙarshen ƙarni na 19 aka fitar da sabuwar hanya ta bakin kogin Kiso da ta kauce wa Magome da Tsumago, a 1911 kuma layin dogo na Chuo ya kammala, shi ma bai bi ta cikinsu ba. Masaukai suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da masana'antun Nagoya da Tokiyo suka buɗe, matasa suka kwashe. Sauran garuruwan Japan suna rushe tsofaffin gidaje suna zuba siminti, mutanen Tsumago kuwa ba su da kuɗin rushewa. Talaucin da ya kori 'ya'yansu shi ne ya bar musu gidajen.

A shekarun 1960 aka fara tunanin cewa waɗannan gidaje masu neman faɗuwa su ne jarin da ya rage. Cikin waɗanda suka tsaya kai da fata akwai wani ma'aikacin ƙaramar hukumar Nagiso, Kobayashi Toshihiko, wanda ya sha fama kafin ya shawo kan masu gidaje. Masanin tarihin gine-gine Ota Hirotaro ya jagoranci binciken gidajen. A 1968, shekarar da Japan ke bikin cika shekara 100 da fara mulkin Meiji, lardin Nagano ya sa kuɗi aka fara gyara gidaje fiye da 20, mazauna kuma suka kafa ƙungiyar masoya Tsumago.

Da baƙi suka fara zuwa, sai wani haɗarin ya taso: masu kuɗi daga waje za su sayi gidaje su mayar da su otal da shagunan tsaraba. A 1971 mazauna suka rattaba hannu kan wata yarjejeniya mai ƙa'idoji uku: ba za a sayar ba, ba za a bayar haya ba, ba za a rushe ba. Wannan ya shafi gida da fili da gona da dajin da ke kewaye. Mai son canza taga ko rufi ko kafa allon shago sai ya kai maganar gaban kwamitin 'yan uwansa mazauna. Gwamnatin ƙasa daga baya ta biyo sahu. A 1975 aka gyara dokar kare kayan tarihi ta yadda za a iya kare unguwa sukutum maimakon gini ɗaya, a 1976 kuma Tsumago ta shiga cikin wurare bakwai na farko da aka ba wannan matsayi, da fili fiye da hekta 1,200 har da tsaunukan da ke kallon garin. A yau irin waɗannan wurare sun haura 120 a faɗin Japan.

Narai da mashigar Torii

Wanda ƙafarsa ba ta gaji ba yakan hau jirgi ya yi arewa. Zangunan Kiso 11 ne, kuma a kusa da ƙarshensu na arewa akwai hawan da matafiyan da suka fi tsoro, mashigar Torii mai tsayin mita 1,197. Tafiyar kimanin kilomita shida ce daga Yabuhara, garin da ya yi suna wajen sassaƙa matajin katako mai ƙananan haƙora, zuwa Narai. A kan wannan mashiga ruwa ke rabuwa: wanda ya gangara kudu ya bi kogin Kiso zuwa tekun Pasifik, wanda ya gangara arewa ya ƙare a tekun Japan.

Saboda kowa yana son ya kwana kafin ya hau, ko ya huta bayan ya sauko, Narai, zango na 34, ta bunƙasa har ake mata kirari da mai gida dubu. Titinta ya kai kimanin kilomita guda, benayen gidajen sun ɗan leƙo kan titi, a tsakani kuma akwai wuraren ɗiban ruwan dutse da har yau suke gudana. Ta samu matsayin kariya a 1978. A maƙwabciyarta Hirasawa har yanzu ana yin kwanukan katako masu shafen ƙaro mai sheƙi, a watan Yuni kuma mutanen Narai sukan kwaikwayi ayarin tulun shayi.

Ga mai niyyar zuwa

Daga Nagoya jirgin ƙasa yakan kai Nakatsugawa cikin ƙasa da awa guda, daga can bas ta kai mutum Magome cikin kimanin rabin awa. Tashar Nagiso ce mafi kusa da Tsumago. Daga ƙarshen Maris zuwa Nuwamba ofisoshin baƙi na garuruwan biyu sukan kai wa matafiyi jakarsa ɗaya ɓangaren, su kuma sayar masa da shaidar kammala tafiya da aka buga a kan siririn katakon hinoki. Watannin Afrilu da Mayu, da kuma Oktoba da Nuwamba lokacin da ganye ke rinewa ja, su ne suka fi daɗi. Yuni da Yuli damina ce, a hunturu kuma dusar ƙanƙara takan rufe mashigai.

Masaukan ƙanana ne, na iyali, a kan tabarma ake kwana, kuma sai an kama ɗaki tun da wuri. Shaguna sukan rufe tun kafin magariba, kuma yana da kyau a riƙe tsabar kuɗi. Abincin yankin kifin kogi ne da shinkafa da ganyayen daji da taliyar soba, amma Musulmi ya sanar da masu masauki tun kafin ya zo, domin girkin Japan yakan haɗa da ruwan giyar shinkafa a miya.

Jarrabawar da ke gaba

Alkawarin 1971 ya kare Tsumago daga mai saye, amma bai tanadi maganin rashin magaji ba. A farkon shekarun 1960 mutanen Nagiso sun haura dubu 10, a ƙidayar 2020 ba su kai dubu huɗu ba. Matsalar ta ƙasa baki ɗaya ce, domin binciken gwamnati na 2023 ya nuna akwai gidaje kusan miliyan tara a Japan da babu kowa a ciki. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, gidan katako kuwa ya fi kowane saurin barin mai shi: idan babu mai buɗe taga da mai hura murhu, danshi ne ke gadonsa. Ga gida babu mai zama, ga ƙa'ida ta hana sayarwa da haya. Tambayar da ke gaban mazauna ita ce yadda za su shigo da sababbin mutane ba tare da sun buɗe ƙofar da iyayensu suka rufe ba.

Baƙi kuwa ƙaruwa suke yi. Fiye da mutum miliyan 36 suka ziyarci Japan a 2024, kuma a 'yan shekarun nan 'yan ƙasashen waje sun fi 'yan ƙasa yawa a kan mashigar Magome. Sai dai da yawansu da safe suke zuwa, da yamma su koma otal a Nagoya ko Kiyoto, alhali share hanya bayan ruwan sama da gyaran gadojin katako suna kan tsofaffin da suka rage.

Akwai kuma sabuwar hanyar da ke tafe ta ƙarƙashin ƙasa. Kamfanin jiragen ƙasa na tsakiyar Japan yana gina layin jirgin maganaɗisu mai gudun kilomita 500 a awa, wanda zai haɗa Tokiyo da Nagoya cikin kimanin minti 40, mafi yawansa ta cikin ramukan da ake haƙawa a duwatsu, da tasha a yankin Nakatsugawa. A 2024 kamfanin ya amsa cewa ruwan rijiyoyi ya ja baya a Okute, wanda shi ma tsohon zangon Nakasendo ne a lardin Gifu, aka kuma dakatar da haƙar ramin da ke kusa. A Nagiso ma batun ruwan sha na cikin abubuwan da ake tattaunawa da kamfanin. Layin dogo na 1911 ya kauce wa waɗannan garuruwa ya talauta su, wannan kuwa ta ƙarƙashin tsaunukansu zai bi.

Kowace ranar 23 ga Nuwamba mutanen Tsumago sukan yi jerin gwano don tunawa da fara aikin gyaran garinsu. Sukan sa tufafin zamanin Edo, wani ya fito a matsayin jarumin samurai, wani ɗan dako, wani mai kai wasiƙa, wata amarya a kan doki, su bi tsohuwar hanyar a hankali har cikin gari. Da yawan masu jerin gwanon jikokin waɗanda suka ɗauki kayan sarakuna ne a kan wannan hanya, kuma a hannunsu da na 'ya'yansu shawarar ta rage ko ƙa'idoji ukun nan za su kai wasu shekaru 50.